Rashin Kuɗi Ne Ya Lalata Finafinan Ninja? Amsa Ga Wani Matashi Daga Jos

Wani matashi daga Unguwar Rogo a nan Jos ya aiko da tambaya. Ya ce yayansa ya dage a kan cewa ba a taɓa yin finafinan faɗa da suka kai finafinan ninja na shekarun 1980 ba, waɗanda suka kalla a kaset a gidajen kallo, shi kuwa da ya nemo wasu a YouTube sai ya tarar da abin dariya: labari ba kai ba gindi, murya ba ta bin baki, ga Turawa sanye da tufafi masu launin ruwan hoda suna tsalle-tsalle a cikin lambu. Yana son sanin ko ƙarancin kuɗi ne ya jawo haka, ko kuwa akwai na kirki a cikinsu, domin shi da abokansa da suke koyon karate suna shirin ɗaukar gajeren fim irin wannan da waya.

Ƙanena, da kai da yayanka kowa yana da gaskiyarsa, domin ba fim iri ɗaya kuke magana a kai ba, ko da yake sunan ninja ne a jikin kwalin kowane kaset. Kusan duk finafinan ninja na wancan zamani da kuɗi kaɗan aka yi su, amma wasu an yi su ne da niyyar a yi fim, wasu kuwa an harhaɗa su ne kawai don a samu abin da za a zura a cikin kwali a sayar. Ana cewa araha ba ta ado, kuma idan maganar manyan taurari ce ko gine-gine ko motocin da za a farfasa, haka abin yake. To amma ingancin fim ɗin faɗa ba a nan yake ba. Yana ga yawan kwanakin da aka ware wa ɗaukar faɗan kansa, da ƙwarewar mutanen da suka yi shi, da kuma ko daraktan ya bar kyamara ta nuna abin da suka iya, kuma waɗannan abubuwa ne da mai ƙaramin jari yake iya samu, mai babban jari kuma ya rasa.

Ya kamata ka fara fahimtar dalilin da ya sa masu ƙaramin jari suka yi wa ninja rubdugu, suka bar sauran jaruman duniya. Sirrin yana ga ƙyallen nan da yake rufe fuska. Furodusa yana iya ɗaukar sanannen ɗan wasan da bai iya faɗa ba, ya biya shi kuɗin 'yan kwanaki ya zo ya yi magana a gaban kyamara, da zarar an ja ƙyallen ya rufe hanci da baki sai ɗan kasada ya shiga madadinsa, kuma mai kallo ba zai gane ba sai in ya lura da bambancin tsawo ko kaurin jiki. Ɗan kasada guda yana iya mutuwa sau da yawa a fitowa ɗaya, ya tashi ya zagaya ta bayan kyamara ya sake shigowa a matsayin sabon ninja, ta yadda mutum shida za su zama runduna. Tunda bakin a rufe yake, ana iya ɗora masa kowace magana da kowane harshe daga baya ba tare da an damu da motsin leɓe ba. Tufafin yadi ne da kowane tela zai ɗinka, makaman kuma katako ne da roba da ƙarfe marar kaifi. Ɓacewar ninja a cikin hayaƙi tsohuwar dabara ce da Georges Méliès na Faransa ya yi amfani da ita tun 1896, wato a tsayar da kyamara, mutum ya fice, a ci gaba da ɗauka, tsallen da yake yi daga ƙasa zuwa kan rufin ɗaki kuwa yawanci dirowa ce aka ɗauka sannan aka juya hoton ya koma baya. Wannan sauƙin shi ne ya ba masu basira damar yin abin kirki da kuɗi kaɗan, kuma shi ne ya buɗe wa 'yan cuwa-cuwa ƙofa.

Kada ka auna waɗannan finafinai da ma'aunin tarihi. Ninja na gaskiya, waɗanda aka fi sani a yankunan Iga da Koka na ƙasar Japan, 'yan leƙen asiri ne da aikinsu ya fi karkata ga sajewa da jama'a cikin shigar manoma ko fatake, kuma masana da dama suna danganta baƙaƙen tufafin da muka sani da dandalin wasan kwaikwayo na Japan, inda masu jan kaya suke sa baƙi don 'yan kallo su ɗauka ba sa nan. Wanda yake son abin da ya ɗan kusanci tarihi sai ya nemi Shinobi no Mono na 1962, wanda Satsuo Yamamoto ya ba da umarni.

Kamfanin da ya buɗe kasuwar sosai a Amurka shi ne Cannon, wanda Menahem Golan da ɗan'uwansa Yoram Globus, 'yan Isra'ila, suka saya a 1979. Tsarin kasuwancinsu shi ne su sa a zana fasta mai ɗaukar ido, su kai ta kasuwar finafinai ta Cannes a Faransa, su sayar wa dillalan ƙasashe daban-daban haƙƙin nuna fim ɗin tun ba a ɗauki ko fitowa ɗaya ba, sannan su je su yi fim ɗin da kuɗin da aka yi musu alkawari. Ka ga ke nan an riga an sayar da haja kafin a kunna kyamara, saboda haka kyawun abin da zai fito ya rataya ne a wuyan darakta da ma'aikatansa, ko su yi aiki don kare sunansu ko su yi na cika alkawari kawai.

Golan da kansa ya ba da umarni a Enter the Ninja na 1981, wanda aka ɗauka a ƙasar Filifin. Jarumin shi ne Franco Nero, ɗan Italiya da ya yi suna da Django a 1966, ƙwararren ɗan wasa ne amma ba ɗan faɗa ba, har muryar da kake ji ma ba tasa ba ce. Mike Stone, zakaran karate na Amurka wanda shi ne ya kawo labarin tun farko, shi ne a cikin fararen tufafin a mafi yawan faɗan. A ganina fim ɗin matsakaici ne, yana jan ƙafa a tsakiya, kuma duk lokacin da aka buɗe fuskar jarumi sai ka ji ƙarfin ya ragu. Alherin da ya yi wa masu kallo shi ne fito da Sho Kosugi, ɗan Japan da ya fito a matsayin bos mai baƙaƙen kaya, wanda shi da kansa yake yin faɗansa.

Bayan shekara biyu, a 1983, kamfanin ya ɗauki Sam Firstenberg, wanda bai taɓa yin fim ɗin faɗa ba, ya ba shi Revenge of the Ninja, aka mai da Kosugi jarumi, aka ɗauki aikin a birnin Salt Lake City. Kamfanin bai sauya ba, jarin ma ba wani abin a zo a gani ba ne, amma bambancin da ke tsakanin finafinan biyu kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Ka duba wurin da Kosugi yake bin wata motar ɗaukar kaya a guje, ya maƙale mata, ana jan sa a kan kwalta, sannan ka duba faɗan ƙarshe a saman wani dogon bene, inda ake nuna maka mutanen biyu daga kai har ƙafa da kuma birnin a can ƙasa, yadda za ka san cewa da gaske a sama suke. Labarin ba shi da zurfi, wasu 'yan wasan kuma suna magana kamar ana karanto musu, amma an ba faɗan lokaci, an kuma ba mutanen da suka san aikin, irin su Steve Lambert mai kula da 'yan kasada, damar su tsara shi. Idan wannan ne yayanka yake tunawa, to ka ba shi gaskiya ba tare da musu ba.

Ninja III: The Domination na 1984 wani abu ne daban, domin labarin ruhin wani mugun ninja ne da ya shiga jikin wata ma'aikaciyar kamfanin waya mai koyar da motsa jiki, har aka kai ta wurin mai fitar da iska, labarin da mai kallon finafinan Hausa ba zai ji baƙonsa ba. Shirme ne, amma shirmen da aka ɗauka da ƙwarewa, musamman mintunan farko a filin wasan golf. Sai American Ninja na 1985, wanda nake kyautata zaton shi ne ya fi yawo a gidajen kallo. An yi shi a Filifin da kimanin dala miliyan 1, ya kuma kawo sama da dala miliyan 10 a gidajen sinima na Amurka kaɗai, ban da abin da kaset ya tara a duniya. Michael Dudikoff bai taɓa koyon faɗa ba kafin a ɗauke shi, amma yana da sauƙin jiki da saurin ɗaukar abin da aka nuna masa, aka kuma haɗa shi da Steve James, baƙar fatan nan mai ƙirar ƙarfi da ya fito a matsayin Jackson, wanda shi ne yake ba fim ɗin rai. Na biyunsa na 1987, da aka ɗauka a Afirka ta Kudu, yana da daɗin kallo. Daga na uku a 1989, lokacin da bashi ya riga ya dabaibaye Cannon, sai abin ya fara komawa cika alkawari, kuma kana iya ganin hakan a yadda faɗan ya gajarce, aka koma yawan magana a cikin ofis.

Yanzu mu zo ga waɗanda kai ka gani, domin siffar da ka bayar, ta Turawa masu tufafi kala-kala a cikin lambu, ta nuna mini ƙarara cewa ka faɗa hannun Godfrey Ho ne da kamfanin IFD na Joseph Lai, ko kuma takwaransa Filmark na Tomas Tang, dukansu a Hong Kong. Abin da waɗannan mutane suke yi shi ne su sayi fim mai araha daga Taiwan ko Koriya ta Kudu ko Tailan ko Filifin, wanda wataƙila labarin soyayya ne ko na 'yan daba ko na ramuwar gayya, ba shi da alaƙa da ninja ko kaɗan. Sai su yanke wani sashe nasa, su ɗauki sababbin fitowa na 'yan mintuna da Turawa sanye da kayan ninja, su cuccusa su a tsakani, sannan su zubar da ainihin maganganun fim ɗin su rubuta wasu sababbi da Turanci, waɗanda za su sa a ji kamar labari ɗaya ne. Abin ya yi kama da bakaniken da ya yanko gaban wata mota ya yi mata walda da bayan wata, ya fesa fenti ya kai kasuwa. Tana iya tashi, har ta yi tafiya, amma duk wanda ya leƙa ƙarƙashinta zai ga ɗinkin.

Wurin ɗinkin a waɗannan finafinai shi ne wayar tarho. Tunda Baturen da aka ɗauka a Hong Kong bai taɓa haɗuwa da jarumin tsohon fim ɗin ba, kuma ba za a iya nuna su a hoto ɗaya ba, sai a sa Baturen ya ɗaga waya yana ba da umarni, a yanko wani wuri daga tsohon fim inda jarumin yake riƙe da waya, a ɗora musu hira. Wani lokaci kuma a nuna Baturen yana leƙe daga bayan bishiya, a yanko zuwa abin da wai yake kallo, alhali hasken rana da launin hoton da irin bishiyoyin duk sun bambanta. Mafi shahara a cikinsu shi ne Ninja Terminator na tsakiyar shekarun 1980, inda Richard Harrison, Ba'amurken da ya yi suna a finafinan Italiya tun shekarun 1960, yake karɓar muhimman saƙonni ta wayar da aka ƙera da siffar kyanwar nan Garfield, ana kuma aiko masa da gargaɗin kisa ta hannun wani ɗan mutum-mutumi na wasan yara. A wasu finafinan har ɗaurin goshi ake yi wa jaruman mai ɗauke da rubutun ninja, kada mai kallo ya manta abin da ya saya. Harrison ya sha faɗa daga baya cewa finafinai kaɗan ya amince ya yi, amma aka rarraba hotunansa a cikin finafinai masu yawa ba da saninsa ba, abin da ya zubar masa da daraja a sana'ar. Kiɗan ma sau da yawa daga wasu finafinai da faya-fayan mawaƙa aka kwaso shi.

Ka lura cewa matsalar a nan ba ƙarancin kuɗi ba ce kai tsaye. Dillalin kaset a Turai ko Afirka yana son sunan ninja da fuskar Bature a kan kwali, wanda zai ari kaset ɗin kuma ba zai san abin da ke ciki ba sai ya kai gida, saboda haka babu wanda yake da dalilin damuwa da ko labarin ya haɗu. An ƙera hajar ne don ido ya gan ta a kan kanta, kuma ta cika wannan aiki.

Duk da haka adalci ya sa in faɗa maka cewa ko a cikin wannan tarkace akwai abin koyo. Mutanen da suke cikin tufafin bayan an rufe fuska ba Turawan ba ne, 'yan kasadar Hong Kong ne da suka taso cikin horo mai tsanani, shi ya sa za ka ga Bature mai nauyin jiki ya juya sau ɗaya, hayaƙi ya tashi, sai ga shi ya rame yana alkafura uku a jere. Waɗannan gajerun faɗan na minti biyu ko uku sukan fi na wasu finafinan Amurka tsafta da sauri. Haka kuma tsohon fim ɗin da aka yi wa ɗinki yakan zo da nasa gwanaye: rabin Ninja Terminator fim ɗin Koriya ne da Hwang Jang-lee ya fito a ciki, mutumin da ya yi bos a Drunken Master na Jackie Chan a 1978, wanda masana suke sa wa a sahun gaba wajen iya shuri. An ɗora masa farin gashin kanti mai ban dariya, amma ƙafarsa ba ta san da haka ba.

Kuma kada ka ɗauka duk abin da ya fito daga Hong Kong haka yake. A daidai waɗancan shekaru aka yi Five Elements Ninjas na Chang Cheh a 1982, a kamfanin Shaw Brothers, inda aka raba ninja gida biyar, na zinariya da na itace da na ruwa da na wuta da na ƙasa, kowane gida da dabarar kisansa, jarumin kuma sai ya koyi maganin kowace dabara kafin ya dawo ramuwa. Dajin da ke ciki a cikin ɗakin ɗauka aka gina shi, kowa yana ganin haka, amma tsarin labarin da na faɗan a ɗaure suke tamau. A shekarar ne kuma Corey Yuen ya yi Ninja in the Dragon's Den da Hiroyuki Sanada da Conan Lee, sannan a 1983 Ching Siu-tung ya yi Duel to the Death, mai ninja da suke saukowa daga sama a kan manyan filafilai da wani ƙaton ninja da yake tarwatsewa ya zama mutane da yawa. Idan aka kwatanta da jarin Hollywood duk waɗannan masu araha ne, kuma a wurina sun fi duk abin da Cannon ta yi.

Akwai wani abu kuma da yake rage wa waɗannan finafinai daraja a idonka wanda ba laifin masu yin su ba ne. Yawancin na Hong Kong an ɗauke su ne da faffaɗan hoto na allon sinima, da aka zo mayar da su kaset don talabijin mai kusan murabba'i sai aka datse gefe da gefe, abin da yake cinye kusan rabin hoton. Sakamakon haka za ka ga jarumi yana kai duka ga wanda ba ya cikin allo, ko ka ga hancin mutum biyu suna magana da juna. Da yawa daga abin da ke YouTube daga irin waɗannan kaset aka kwafo shi, bayan an kwafa daga kwafi har launi ya dushe, faɗan dare ya koma duhu zalla. Maganar murya da ba ta bin baki kuwa, a lokacin a Hong Kong ba a ɗaukar sauti a wurin aiki, daga baya ake ɗora shi ko da a harshensu ne, fassarar Turancin kuma cikin gaggawa ake yin ta. Kafin ka yanke wa fim hukunci ka nemi kwafin da aka gyara, mai cikakken faɗi. Sannan ka tuna yayanka a cikin taro ya kalla, ana ihu ana tafi idan jarumi ya kama bos, kai kuwa kai kaɗai ka kalla a waya da yatsa a kan maɓallin wucewa gaba.

Idan kana son hujja ta kusa a kan cewa kuɗi ba su ne ma'auni ba, shekarar 2009 ta ba mu ita. A shekarar aka fitar da Ninja Assassin na kamfanin Warner Bros, wanda James McTeigue ya ba da umarni, mawaƙin Koriya Rain ya fito jarumi, Sho Kosugi kuma ya dawo a matsayin bos, aka kashe masa kimanin dala miliyan 40. Rain ya yi horo sosai, ana ganin haka a jikinsa, amma an binne wahalarsa a cikin duhu da yawan yanka da jinin kwamfuta, ta yadda sau da yawa ba ka iya cewa wa ya sari wa. A shekarar kuma Isaac Florentine, wanda shi kansa ɗan karate ne, ya yi wani fim mai suna Ninja da Scott Adkins a Bulgeriya da jarin da bai kama ƙafar wancan ba, ya kuma biyo shi a 2013 da Ninja: Shadow of a Tear, wanda aka ɗauka a Tailan, Tim Man ya tsara faɗan, Kane Kosugi, ɗan Sho da ya fito yana yaro a Revenge of the Ninja, ya fito a ciki. Labarin na biyun tsohon labari ne na miji mai neman fansar matarsa, babu sabon abu a ciki, amma akwai wurin da Adkins yake faɗa da mutane da yawa a ɗakin horo ba tare da an yanka hoton ba, kuma kowane duka kana ganin inda ya taso da inda ya sauka. Duk wanda ya tambaye ni fim ɗin ninja mai araha da ya fi inganci a wannan ƙarni, shi nake ambata.

Ga yadda za ka gwada kowane fim da kanka. Ka kashe sauti ka kalli faɗa ɗaya, domin ƙarar duka da kiɗa suna rufe aibi mai yawa. Ka ƙirga motsi nawa ake yi kafin a yanka hoto: idan ana musayar duka biyar ko shida a ɗauka ɗaya, mutanen sun iya kuma an yi atisaye, idan kuwa kowane naushi da yankansa, ana ɓoye wani abu ne. Ka duba ko ana nuna ƙafafu, domin a tsayuwa ake gane wanda ya yi horo, shi ya sa daraktan da jaruminsa bai iya ba yake tsayar da kyamara daga ƙirji zuwa sama. Ka kuma duba wanda aka daka fiye da wanda ya yi dukan, saboda faɗuwarsa da yadda ya karɓi dukan ne suke sa ka yarda da ƙarfin jarumi. Saurin da kake gani ma akwai dabara a ciki: ana nuna fim a kan hoto 24 a daƙiƙa, masu aikin Hong Kong kuwa sukan ɗauki faɗa a kan 22 ko ƙasa da haka don ya ƙara sauri idan an nuna, kuma gwani yana rage kaɗan ne yadda ido ba zai kama ba, wanda bai iya ba kuma ya zarce har mutane su koma kamar 'yan tsana.

Game da naku fim ɗin, wayar da ke hannunku ta isa. Nabwana Isaac na unguwar Wakaliga a Kampala ya yi Who Killed Captain Alex? a 2010 da abin da bai wuce dala 200 ba, da 'yan unguwarsu da suka koyi kung fu, kuma duniya ta kalla. Ku a nan Jos ma kun fi shi gata, domin hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, a garin nan take tare da makarantarta ta koyar da aikin fim, kuma samun ɗalibin da ya san haske da sauti ba zai yi muku wuya ba. Duwatsun Shere da na Riyom kuwa wuraren ɗauka ne da wani furodusan zai biya kuɗi masu yawa kafin ya samu irinsu. Abin da zan ja kunnenku a kai shi ne lokaci. Faɗan minti biyu mai kyau yana iya cin yini biyu ko uku na ɗauka bayan makonni na atisaye, don haka gara ku yi fim na minti bakwai mai faɗa ɗaya da aka tsara da kyau da ku yi na awa guda mai faɗa goma na hayaniya. Ku fara ɗaukar atisayen da waya, ku haɗa shi, ku ga inda duka bai yi kama da ya taɓa jiki ba, ku gyara wurin tsayuwar kyamara kafin ranar aiki. Ku ɗauka da sassafe ko da la'asar, ku bar faɗan dare tunda ba ku da fitilu, sautin duka da na iskar takobi kuma ku yi shi daga baya a ɗaki mai shiru. Zan kuma so ku yi tunani a kan ko lallai sai kun rufe fuska, domin ku da kanku za ku yi faɗanku, ba ku da wanda za ku ɓoye, kuma idan a cikinku akwai wanda ya iya dambe ko kokawa, haɗa su da karate zai ba ku abin da Hong Kong ba ta da shi.

Idan kun nace sai kayan ninja, to akwai maganar da ta fi duk ta fasaha muhimmanci. Ka san halin da garin nan ya sha shiga, kuma matasa shida masu rufaffiyar fuska da takubba a bayan dutse ba abin da mai wucewa zai tsaya ya tambayi ko fim ake yi ba ne. Kada ku riƙe ƙarfe mai kaifi ko da na ado ne, ku sa kafinta ya sassaƙa muku na katako a shafa masa fentin azurfa. Ku sanar da mai unguwar wurin da za ku yi aikin, ku kai takarda ofishin 'yan sanda mafi kusa ku riƙe kwafinta a hannu, ku tafi da wani babba da mutanen wurin suka sani, sannan kada kowa ya rufe fuskarsa sai an zo kan ɗauka, ya kuma buɗe ta da zarar an ce a yanka.